Maganar wa za a bi a kan ɗan makaranta? Fashin baƙi kan rikicin takunkumi da rigakafi a Amurka

Ranar 3 ga Satumba 2025, babban jami'in lafiya na jihar Filorida, Dakta Joseph Ladapo, ya tsaya gaban jama'a, Gwamna Ron DeSantis na gefensa, ya ce jiharsu za ta soke duk wata doka da ta wajabta allurar rigakafi, har da wadda ake nema kafin a ɗauki yaro a makaranta. Ya kwatanta tilasta allura da bauta. Labarin ya iso wayoyinmu da wuri, wataƙila don mutumin haifaffen Najeriya ne, yana ƙarami iyayensa suka koma da shi Amurka. Na ji masu cewa ga shi nan, su ma Turawan da suka kawo mana allurar sun dawo daga rakiyarta.

Maganar ta fi haka zurfi. Tambayar da Amurkawa ke dambe a kanta tun zamanin korona ita ce: idan uba ya ce ɗansa ba zai sa takunkumi ba, ko ba za a yi masa allura ba, makaranta kuma ta ce sai an yi, maganar wa za a bi? In ma an ce ta hukuma za a bi, wace hukumar, ta gunduma, ta jiha, ko ta tarayya?

Wa ke riƙe da makaranta a Amurka?

Mai kallo daga nesa zai ɗauka shugaban ƙasa ne ke ba da umarni daga Washinton kowa ya bi. A harkar makaranta abin ba haka yake ba. Kundin tsarin mulkinsu bai ambaci ilimi cikin ayyukan gwamnatin tarayya ba, kuma gyara na goma da aka yi wa kundin ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Saboda haka ilimi da lafiyar al'umma suna hannun jihohi 50, kowace da dokarta.

Jihohin kuma sun sauke yawancin aikin yau da kullum ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000. Kowace gunduma tana da kwamitinta, galibi mutum biyar zuwa tara, kuma a mafi yawan wurare mutanen gari ne ke zaɓensu da ƙuri'a. Ba wasu manyan 'yan siyasa ba ne. Za ka samu mai shago, da malama mai ritaya, da uwar yara uku. Su ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma, su amince da kasafi, su tsara kalanda da tufafin ɗalibai. Kuɗin makaranta ma yawancinsa daga harajin jiha da harajin gidajen mutanen gari yake fitowa. Abin da tarayya ke bayarwa a shekarar da ba ta annoba ba bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ke biyan harajin gidansa don a gina aji yana ganin makarantar tasa ce, kuma yana da gaskiyarsa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya, CDC, shawara kawai take bayarwa. Ba ta da ikon cewa yaro kaza ba zai shiga aji ba. Wannan ya sa a shekarar 2021 aka samu garuruwa biyu maƙwabta, ɗaya kowane yaro da takunkumi, ɗayan kuma babu mai sawa sai wanda ya ga dama.

Kalmomi biyu da ake haɗawa alhali ba ɗaya ba ne

A bakin 'yan siyasa, “zaɓin iyaye” da “ikon mutanen gari” tafiya suke tare kamar Hassan da Husaini. A aikace kuwa sau da yawa kishiyoyi ne. Zaɓin iyaye na nufin kowane gida ya yanke wa ɗansa hukunci, ko da maƙwabta duka sun saɓa. Ikon mutanen gari na nufin kwamitin da gari ya zaɓa ya yanke wa kowa hukunci ɗaya, wanda ya sha kaye a ƙuri'a ya haƙura ya bi. Da zarar kwamitin gari ya ce dole kowa ya sa takunkumi, uban da bai yarda ba ya rasa zaɓinsa. Idan kuma gwamna ya shigo ya kare wannan uban, ya ƙwace ikon garin ke nan.

Duk wanda ya riƙe wannan bambancin zai gane rikicin. Wanda bai riƙe ba zai yi ta mamakin yadda jam'iyyar Republican, wadda ta shekara da shekaru tana wa'azin a bar ƙananan hukumomi su yi abin da suka ga ya dace, ta koma tana hukunta gundumomi. Da yadda jam'iyyar Democrat, wadda ta yi ta kare gundumomin Teksas da Filorida da sunan ikon gari, ta ɗora doka ɗaya a kan kowa a jihohin da take mulki, irin su Kalifoniya, ba tare da ta tambayi ƙauyukan da ba sa so ba. Kowane ɓangare ya tuna da ikon gari ne a inda garin ke goyon bayansa.

Abin da kotu ta faɗa tun da daɗewa

Rigimar ta girmi korona da fiye da shekara ɗari. Jihar Massachusetts ta wajabta wa 'yan makaranta rigakafin agana tun 1855. A 1902 agana ta ɓarke a garin Cambridge na jihar, hukumar lafiyar garin ta ce kowa ya yi allura. Wani fasto ɗan asalin Suwidin, Henning Jacobson, ya ƙi, ya ce allurar da aka yi masa yana yaro ta wahalar da shi. Aka ci shi tarar dala 5. Ya bi shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 1905 ta ce 'yancin mutum bai kai ya jefa al'umma cikin haɗari ba, jiha na da ikon kare kanta daga annoba. A 1922 kotun ta sake tabbatar da haka a shari'ar wata yarinya, Rosalyn Zucht, da aka hana shiga makaranta a San Antonio don ba ta da takardar rigakafi. Abin lura a nan: a shari'o'in nan biyu hukumar gari ce ta tilasta. Ikon gari a tarihinsa ya fi tsayawa a ɓangaren dole.

Iyaye ma suna da nasu hukunce-hukuncen da suke kafa hujja da su. A 1923 kotun ta soke dokar jihar Nebraska da ta hana koyar da ƙananan yara harsunan waje irin su Jamusanci. A 1925 ta soke dokar Oregon da ta ce dole kowane yaro ya shiga makarantar gwamnati, ta ce yaro ba kayan gwamnati ba ne, waɗanda suka raine shi suna da hakkin tsara masa rayuwa. Sai a 1944 ta ja iyaka, ta ce 'yancin addini bai ba uba damar jefa ɗansa ko jama'a cikin cuta mai yaɗuwa ba.

Daga nan aka samu wani sulhu da ya daɗe yana aiki. Zuwa farkon shekarun 1980 duk jihohi 50 suna neman katin rigakafi kafin a ɗauki yaro, amma kowace ta bar ƙofa. Yaron da likita ya ce allura za ta cutar da shi an ɗauke masa a ko'ina. Mafi yawan jihohi sun yarda da uzurin addini, wasu ma har da uzurin ra'ayi kawai. Ƙofar ba ta dami kowa ba muddin masu bi ta cikinta 'yan kaɗan ne.

Agustan 2021

Rikicin takunkumi ya kai ƙololuwa ne lokacin komawa makaranta a 2021. A watan Mayu CDC ta ce wanda ya yi rigakafin korona zai iya ajiye takunkumi. Ranar 27 ga Yuli, da nau'in korona na Delta ya taso, ta yi amai ta lashe, ta ce kowa a makaranta ya sa, mai allura da marar allura. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a lokacin ba a ma amince a yi musu allurar ba tukuna. Iyaye kuma sun gaji. Da yawansu sun shafe shekara guda yara na gida gaban kwamfuta, ga aiki, ga raino, ga karatun yaro yana ja da baya suna gani.

Kwana biyu bayan sanarwar, Gwamna Greg Abbott na Teksas ya sa hannu a umarnin da ya hana kowace gunduma wajabta takunkumi. Washegari DeSantis ya yi nasa a Filorida, yana kafa hujja da dokar hakkin iyaye da jihar ta yi a watan Yuni. Manyan gundumomi suka yi kunnen uwar shegu: Dallas da Austin da Houston a Teksas, Broward da Alachua da Miami-Dade a Filorida. Gwamnatin Filorida ta riƙe wa Broward da Alachua kuɗi daidai da albashin 'yan kwamitinsu. Aka shiga kotu, yau alƙali ya ba gunduma gaskiya, gobe kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa gwamna, iyaye na kwana ba su san dokar da za su tashi da ita ba. A Nuwamba majalisar Filorida ta yi zama na musamman ta mayar da haramcin doka.

Wani ƙaramin gari a Teksas mai suna Paris ya nemo wata dabara. Umarnin gwamna ya hana wajabta takunkumi, amma bai taɓa ikon gunduma na tsara tufafin ɗalibai ba. Sai kwamitin garin ya zauna ya saka takunkumi cikin kayan makaranta, kamar riga da takalmi. Antoni janar na jihar ya maka su a kotu. A Arkansas kuwa, Gwamna Asa Hutchinson, shi ma ɗan Republican, wanda ya sa hannu a dokar hana wajabta takunkumi a watan Afrilu lokacin da cutar ta lafa, ya fito a Agusta ya ce da ma dokar ba ta tabbata ba, don ta ɗaure hannun makarantu ga asibitoci na cika.

Zaurukan taron kwamiti, waɗanda a da ba mai zuwa sai mutum goma, suka cika maƙil. A garin Franklin na jihar Tennessee, daren 10 ga Agusta, bayan kwamiti ya amince da takunkumi a firamare, jama'a suka kewaye motocin likitoci da ma'aikatan jinya da suka zo ba da shawara, ana ɗaga musu murya ana cewa an san su, za a nemo su. Waɗannan mutanen gari ɗaya ne, 'ya'yansu aji ɗaya. A ƙarshen Satumba ƙungiyar kwamitocin makarantu ta ƙasa ta rubuta wa Shugaba Biden wasiƙa tana neman agaji, ta kwatanta wasu barazanar da ta'addancin cikin gida. Ministan shari'a Merrick Garland ya umarci FBI ta duba. Iyaye da yawa da ba su zagi kowa ba suka ji an kira su 'yan ta'adda don sun je sun yi magana a kan 'ya'yansu. Ƙungiyar ta nemi afuwa daga baya, amma rassanta na jihohi da dama sun fice.

Siyasa ta ga kasuwa. A Virginia, ɗan takarar gwamna na Democrat, Terry McAuliffe, ya ce a wata muhawara bai ga dalilin da iyaye za su riƙa faɗa wa makaranta abin da za ta koyar ba. Abokin karawarsa Glenn Youngkin ya ɗauki wannan jimla ya yi ta yawo da ita har ya ci zaɓe a Nuwamba 2021. Ranar da aka rantsar da shi, 15 ga Janairu 2022, ya ba iyaye damar cire wa 'ya'yansu takunkumi. Gundumomi bakwai suka kai shi ƙara, majalisa ta raba gardama da doka a Fabrairu.

Iyayen da ba a cika jin muryarsu ba

Idan aka ce “iyaye” a wannan rigima, hoton da ke zuwa shi ne na masu ɗaga kwalaye suna cewa a bar yara su sha iska. Akwai wasu iyayen. Ka ɗauki uwar da ɗanta ke shan maganin sankarar jini, garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, murar da wani yaro zai warke cikin kwana uku shi tana iya kwantar da shi asibiti. Takunkumin da ke fuskarsa kaɗai bai wadatar ba, yana bukatar na kusa da shi ma su sa. Ranar da aka ba kowane gida zaɓi, ita zaɓinta ya zama biyu: ta tura shi aji da fargaba, ko ta ajiye shi gida ya rasa karatu.

Irin waɗannan iyaye sun je kotu da dokar kare naƙasassu ta tarayya, kuma a wasu wurare sun yi nasara. A Tennessee alƙalan tarayya sun dakatar da umarnin Gwamna Bill Lee a wasu gundumomi. A Virginia wani alƙali ya ba iyalai 12 damar neman a sa takunkumi a azuzuwan 'ya'yansu. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ma ta buɗe bincike a kan jihohi biyar a ƙarshen Agusta 2021. A wani gefen kuma ga uban yaro kurma da ke karanta leɓen malami, da uwar yarinyar da ke koyon furta kalmomi, su takunkumin ne ya zame musu katanga. Duk iyaye ne, kowa ɗansa yake karewa, kuma ba a yi dokar da za ta ba su duka abin da suke so a aji ɗaya ba.

Shin takunkumin ya yi amfani a makaranta?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko ba daɗi. Takunkumi mai kyau, wanda ya zauna daram a fuskar babba, yana rage shaƙar ƙwayar cuta. Amma dokar da ta ce yara 'yan shekara shida su wuni da ƙyalle a fuska, suna ja suna saukewa, suna cirewa lokacin cin abinci, wani abu ne dabam, kuma hujjar amfaninta ba ta yi ƙarfin da aka riƙa nunawa ba. Wani bincike a yankin Boston, da aka buga a 2022, ya gano gundumomin da suka janye dokar sun samu ƙarin masu kamuwa wajen 45 cikin kowane mutum 1,000 a makonni 15. Wani kuma a yankin Kataloniya na Sifen ya kwatanta 'yan shekara biyar da ba a wajabta wa ba da 'yan shekara shida da aka wajabta wa, bai ga wani bambancin a zo a gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar a sa wa 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ba, alhali CDC ta ce daga shekara biyu.

Saboda haka a ganina, a maganar takunkumi, barin kowace gunduma ta duba halin asibitocinta ta yanke hukunci na ɗan lokaci shi ya fi kusa da daidai. Gwamnan da ya hana gunduma ko da gadajen asibitinta sun cika ya yi kuskure. Jami'in da ya riƙa magana kamar babu sauran shakka, yana kallon duk uban da ya yi tambaya a matsayin jahili, shi ma ya yi kuskure, kuma nasa kuskuren ya fi daɗewa ana biyan bashinsa.

Rigakafin korona ga ɗalibai ma bai yi nisa ba. Gwamna Gavin Newsom na Kalifoniya ya sanar a Oktoba 2021 cewa zai shiga jerin alluran dole, aka ɗage, a farkon 2023 aka watsar da shirin. Korona ba ta cika kashe yara kamar tsofaffi ba, allurar ba ta hana yaɗuwa yadda aka yi fata ba bayan zuwan nau'in Omicron, ga kuma kumburin tsokar zuciya da aka gani jefi-jefi a samari. Iyaye da dama da ba su taɓa ƙin wata allura ba sun ja baya a kan wannan.

Yadda wutar ta tsallaka zuwa ƙyanda

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Dokokin takunkumi sun shuɗe tun 2022, amma fushin da rashin yardar da suka bari sun koma kan tsofaffin alluran yara: na ƙyanda, da shan inna, da mashaƙo, da tarin shiƙa. Waɗannan kuwa hujjarsu ba irin ta takunkumi ba ce. An shafe shekaru gommai ana yin su ga ɗaruruwan miliyoyin yara, an san amfaninsu, an san iyakar illarsu.

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san ƙyanda, ba sai an karanta masa a littafi ba. Ya san yadda take shigowa da zafin bazara, yaro ya kwana da zazzaɓi, ido ya yi ja yana ruwa, tari ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso daga bayan kunne su sauka jiki, kuma ya san gidan da ta shiga ta fita da yaro biyu. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da mai ita, wajen tara za su kamu. Ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai cutar ya fita. Shi ya sa masana ke cewa sai kashi 95 cikin ɗari sun yi allura kafin a tare mata hanya. Ragowar biyar ɗin an bar su ne don jariran da ba su isa allura ba, waɗanda a Amurka sai sun shekara ɗaya ake yi musu ta farko, da yara irin wancan mai sankarar jini.

Amurka ta ayyana kawar da ƙyanda a 2000. A shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, kashi 95 na yara masu shiga ajin share fage sun yi allurarta. Zuwa 2024 da 2025 adadin ya sauka zuwa kashi 92.5, masu takardar uzuri kuma suka kai kashi 3.6, mafi yawa da aka taɓa gani har lokacin. A takarda ragin kaɗan ne. Matsalar ita ce masu ƙin allura ba a warwatse suke ba, a tare suke zaune, coci ɗaya, makaranta ɗaya. A gundumar Gaines ta yammacin Teksas, inda Kiristoci mabiya ɗariƙar Mennonite ke da yawa, kusan yaro ɗaya cikin biyar ya shiga makaranta ba allurar ƙyanda. A Janairu 2025 ta ɓarke a can. Mutum 762 suka kamu a Teksas kafin a ce ta lafa a Agusta. 'Yan mata biyu suka rasu, mai shekara shida da mai shekara takwas, dukansu ba su yi allura ba, kuma ba su da wata cuta a da. Rabon da ƙyanda ta kashe mutum a ƙasar shekara goma ke nan. Kafin tsakiyar Yuli, masu kamuwa a faɗin Amurka sun zarce 1,274 na shekarar 2019, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1992.

Jihohi sun rabu biyu. Kalifoniya ta rufe ƙofar uzurin addini da na ra'ayi tun 2015, bayan ƙyandar da ta tashi daga wurin wasan Disneyland. New York da Maine suka bi a 2019, Connecticut a 2021. Wasu kuma buɗewa suke: a 2023 alƙalin tarayya ya tilasta wa Mississippi karɓar uzurin addini, jihar da ta daɗe tana cikin na gaba a yawan yara masu allura duk da talaucinta.

Abin da Minnesota da Kano suka gani

Kuskure ne a ɗauka duk mai ƙin allura ba ya son ɗansa. Somaliyawan Minnesota misali ne. A 2004 kashi 92 na 'ya'yansu sun yi allurar ƙyanda, sun ma fi sauran jama'ar jihar. Sai iyaye suka lura da yawan yara masu galahanga, wato autism, a cikinsu, suka yi tambaya, ba su samu amsa mai gamsarwa ba. Waɗanda suka zo suka zauna da su, suka saurare su, su ne masu yaƙi da rigakafi, har da Andrew Wakefield, likitan Ingila da ya alaƙanta allurar da galahanga a 1998, wanda mujallar da ta buga binciken nasa ta janye shi a 2010 aka kuma ƙwace lasisinsa. Manyan bincike a ƙasashe da dama ba su sami wannan alaƙa ba. Amma cikin shekara goma adadin ya faɗo zuwa kashi 42, a 2017 kuma ƙyanda ta kama mutum fiye da 70, yawancinsu ƙananan yaran Somaliyawa. Da aka tashi gyara, limaman masallatai aka nema.

Mu ma mun bi ta wannan hanya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara wajen 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna. Wannan ma ikon jiha ne ya tsaya wa tsoron iyaye a gaban tarayya. Kafin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba a Yulin 2004, da maganin da aka samo daga Indonusiya, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da ta shanye wa ƙafa a shekarun nan suna nan a cikinmu, sun zama magidanta. Abin da ya dawo da mutane shi ne sarakuna da malamai da masu unguwanni da suka shiga gaba, musamman bayan kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, da matan unguwa da ke bi gida-gida, waɗanda uwa ta san su ta san iyayensu. Sai 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Mu da muka tashi da jin cewa ɗa na kowa ne, mun san maƙwabci na da ta cewa a kan yaro. Mun kuma san ba a shiga gidan mutum a taɓa ɗansa ba tare da an yi masa sallama an yi masa bayani ba. Amurkawa sun raba waɗannan biyun, kowace jam'iyya ta ɗauki ɗaya.

Wa zai ɗauki nauyin abin da ke tafe?

Sanarwar Ladapo ba ta soke komai nan take ba. A lokacin, ma'aikatarsa na iya cire wasu allurai da kanta, irin na ƙarambau da ciwon hanta nau'in B, amma na ƙyanda da shan inna da mashaƙo a cikin dokar jiha suke, sai majalisa ta yarda. A tarayya kuma abubuwa sun juya. Robert F. Kennedy Jr., wanda ya daɗe yana sukar rigakafi, ya zama ministan lafiya a Fabrairu 2025, a Yuni ya sallami duka mutum 17 na kwamitin da ke ba CDC shawara kan allurai ya naɗa nasa. A Satumba jihohin Kalifoniya da Oregon da Washinton da Hawaii suka haɗa kai don fitar da tasu shawarar. Waɗanda jiya ke cewa a bi gwamnatin tarayya yau su ke cewa a bar jihohi.

Wannan kwamitin ba na ado ba ne. Shawararsa ce ke tantance alluran da shirin gwamnati na rigakafi kyauta zai biya, shirin da aka kafa bayan ƙyandar 1989 zuwa 1991 ta kama mutum wajen 55,000 ta kashe fiye da 120, kuma kusan rabin yaran ƙasar sun cancanci cin moriyarsa. Mai kuɗi zai biya likitansa ko me aka yanke. Talaka ne zai ji a jikinsa. Dokar makaranta ma, in aka duba, ba masu tsattsauran ra'ayi ta fi kamawa ba, don su sun san hanyar takardar uzuri. Ta fi amfani ga uwar da ke aiki biyu, ba ta ƙi allura ba, mantawa take ko lokaci ya ƙure mata, sai takardar makaranta ta tuna mata ta ɗauki yaro ta kai asibiti. In aka cire dokar, irin 'ya'yanta ne za su fara zubewa daga lissafi ba tare da kowa ya zaɓa musu hakan ba.

Ranar da ƙyanda ta shiga makaranta kuma, ƙa'idar da aka saba ita ce duk yaron da bai yi allura ba ya zauna gida kwana 21. Uwar da ake biya da awa za ta nemi wanda zai zauna da shi mako uku, ko ta bar aikin. In akwai jariri ɗan wata takwas a gidan, wanda bai isa allura ba, a ɗaki ɗaya zai kwana da yayan nasa har kwanakin su cika.